Katantanwar Baba

Ranar Asabar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina miƙo miki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jaririyarmu. Haƙoran nata sun fito kuwa? Inna ta ce idan ba su fito ba kada ki damu, ke ma sai da kika shekara kina yi wa mutane dariya da dasashi.

Kin tambayi hannun Baba. Karkarwar tana nan. Allunan talla biyu kawai ya karɓa a watan nan, na mai gyaran agogo da na wani kantin magani, na biyun ma sai da ya goge harafin farko sau uku. Ya daina aiki a bakin titi, ya kwaso gwangwanayen fenti ya dawo bayan ɗaki inda ba mai ganinsa. In baƙo ya zo, hannun dama yana cikin aljihu har baƙon ya tafi.

Amma akwai labari mai daɗi. Kin tuna Likita, doguwar nan mai tabarau da ke duba masu ciwon karkarwa ranar Alhamis? Ta sauya musu yadda suke shan magani, ta haɗa da motsa jiki, kuma tana so ta gane ko sabon tsarin ya fi na da. Wata gidauniya tana ba da tallafi don binciken irin waɗannan cututtuka na ƙwaƙwalwa, to ita ce Likita za ta nema. Sau biyu tana nema a wasu wuraren ana hana ta, wai ba ta da hujja. Idan aka samu wannan, ɗakin Alhamis zai ci gaba shekara uku, da magani da komai. Idan ba a samu ba, asibiti za ta mayar da shi ma'ajiyar fayil.

Hujjar kuwa ita ce katantanwa. An ba mutum ashirin da biyu takardu. Kowace yamma, lokacin da ƙarfin magani ya ragu, mara lafiya zai ɗora biro a tsakiyar takarda ya yi ta zagayawa yana buɗewa, kamar bayan katantanwa. Ni nake kai na Baba duk Alhamis bayan an tashi daga makaranta, don shi sau ɗaya a wata yake zuwa, da safe. Nas ce ke karɓa. A benci nakan zauna kusa da wani tsohon direba mai barkwanci, wanda ke cewa hannunsa bai san an yi masa ritaya ba, har yanzu sitiyari yake juyawa. Ni dai murmushi nake yi, kin san ni da magana.

Ta ranar Litinin ba ta yi kyau ba. Biron ya huda takardar, shayi kuma ya zube a gefe. Na ga ba zai yiwu in kai wa babbar likita abu haka ba. Malamar Turancinmu ko ɗigon tawada ta gani sai ta ce a sake kwafa. Akwai rarar takardu, sai na ɗauki ɗaya na kwafe masa tsaf, na rubuta kwanan wata na ja layi da rula. Baba ya gani bai hana ni ba. Tasa kuma ya goge buroshi da ita.

Ki gaishe da mutanen gidan duka.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta

Ranar Juma'a

Yayata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Na ga saƙonki da safar da kika aiko, ta yi mini daidai, na gode. Ki yi haƙuri da shirun da na yi na wata biyu da rabi. Ba jarrabawa ce ta hana ni ba, kamar yadda Inna ta gaya miki. Kunya ce.

Yaya, ban tsaya a takarda ɗaya ba. Kashegari ma ta yage, na kwafa. Daga nan abin ya zama kamar aikin gida. Baba zai yi tasa a bayan ɗaki, ya ajiye a kan taga ya tafi masallaci, ni kuma in zauna in yi mai tsabta. Da farko ina ɗan karkaɗa hannu don ta yi kama da tasa. Daga baya na daina, don ba na son in ga layin Baba a karkace, mutumin da rabin allunan titinmu rubutunsa ne. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi. Sau ɗaya dai ya tsaya a kaina, ya ce in riƙa juya takardar maimakon in murɗe wuyan hannu. Tasa kuwa kullum ƙara lalacewa take yi. Ta makon jiya ko zagaye biyu bai kai ba layin ya fita daga takardar.

Jiya da na kai, Nas ta ce in jira, Likita na son ganina. Na shiga ofishinta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, fanka ɗaya, takardu har kan kujerar baƙi, sai da ta kwashe su na zauna. Ta juyo mini da kwamfuta. Ga katantanwar Baba ta makon farko, wadda ya yi a gaban Nas ranar da aka raba takardu, kafin ya fara sabon tsarin magani, duk a hargitse kamar sawun kaza. Ga kuma ta mako na goma sha ɗaya a gefenta, sumul. Tawa.

Ta ce cikin mutum ashirin da biyu babu wanda ya samu sauƙi kamarsa, kuma hotunan nan biyu su ne shafi na huɗu na takardar neman tallafin. Ta ce masu karantawa ba su da lokaci, amma wannan ko a tsaye suka gani za su zauna. Wata takwas ke nan tana rubutun. Idanunta sun yi ja, amma tana ta dariya, har ta ba ni alewa daga durowa. Na karɓa na yi godiya na fito.

Na gane yadda aka yi ba ta lura ba. In Baba ya je da safe ne, bai daɗe da shan magani ba, hannun ya lafa. Abin da ke faruwa da yamma takardun ne kawai ke gaya mata.

Saura kwana goma sha biyu a rufe karɓar takardu. Idan na yi shiru, wataƙila a samu tallafin, mutum ashirin da biyu su ci gaba da samun magani. Idan na faɗa, ban san abin da zai rage a shafi na huɗu ba. Na asalin kuma babu ko ɗaya, duk sun tafi a goge buroshi. Alewar tana cikin jakata, na kasa sha. Don Allah kada ki gaya wa Inna. Ki rubuto mini da wuri.

Taki,
Auta

Ranar Lahadi

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigida, a shafa mini kan jaririya. Amsarki ta iso jiya, kuma na ji daɗi da abin da kika ce ya zo daidai da abin da na riga na yi. Ban iya jira ba.

Ranar Litinin da ta biyo bayan wasiƙata na je har ƙofar ofishin Likita na juyo. Ranar Talata na ce da Nas biro na manta. Da na ga bakina ba zai iya ba, sai na rubuta komai a takarda, shafi ɗaya da rabi, na kai ranar Laraba. Na miƙa wa Likita na tsaya ina kallon takalmina. Ta karanta har ƙarshe, ta koma farko. Fankar nan kawai nake ji.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta cire tabarau ta tambaye ni tun yaushe, na faɗa. Ta tambaya ko Baba ne ya sa ni, na ce a'a. Sai ta ce, “Da aka ba ku takardun, akwai wanda ya gaya muku cewa munin ne muke nema?” Na ce babu.

A ranar ta sa Nas ta kira duk gidajen. Yaya, ba ni kaɗai ba ce. An samu huɗu. Wata mata ta ce ita takan riƙe wa mijinta gwiwar hannu. Wani ya ce ɗansa ne ke ƙarasa masa, tun da takardar hukuma ce ba a wasa da ita. Tsohon direba kuwa nasa na gaskiya ne duka. Ya ce da ya san ana magudi a jarrabawar nan da shi ma ya nemi mai yi masa. Kowa ya yi dariya ban da ni.

Da aka cire mutum biyar, sauƙin da ya rage kaɗan ne. Nas ta gaya mini wani babba a asibitin ya ba Likita shawara ta bar shafin yadda yake, wai babu wanda zai zo daga nesa ya ƙirga katantanwa. Ta ƙi. Ta rubuta abin da ya faru a cikin takardar, da yadda za ta gyara, ta aika kwana ɗaya kafin a rufe.

Abin da ya fi mini wuya shi ne gaya wa Baba. Na same shi yana wanke buroshi. Na faɗa masa ina tsaye daga nesa. Ya ci gaba da wankewa har ruwan ya yi fari. Can ya ce, “Ke kika riƙe biro, amma ni na ajiye a taga.” Kwana uku ke nan yana cin abinci a bayan ɗaki. Inna ta sani yanzu. Ta ce gidan nan kowa gwanin shiru ne, ita kaɗai aka bari da surutu kamar rediyo.

An ce sai bayan wata huɗu za a ji amsa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata,

Aminci ya tabbata a gare ki da iyalinki. Na ji jaririya ta fara tsayawa, Allah ya raya ta. Sakamakon jarrabawarmu ya fito, na yi ta uku, lissafi ne ya ja ni baya.

Amsar gidauniyar ta zo makon jiya. Ba a ba da tallafin shekara ukun ba. Sun ce hujjar ba ta isa ba. Amma sun ba da ɗan ƙarami na shekara ɗaya, don a sake gwajin daga farko, a yi zanen a asibiti da yamma a gaban Nas, duk Litinin da Alhamis. Mutum goma sha biyu kawai zai ɗauka. Ɗakin Alhamis bai zama ma'ajiya ba, an dai raba shi biyu da katako, rabi fayil rabi mutane.

Ƙuri'a aka yi don kada a ce an yi son kai. Sunan Baba ya fito. Na tsohon direba bai fito ba. Shi da bai taɓa yin magudi ba zai koma layin kowa da kowa, inda sai wata uku ake ganin likita. Na haɗu da shi a bakin ƙofa yana jiran mota. Na so in ba shi haƙuri. Shi ya riga ni, ya ce in daina kallonsa kamar na taka masa kaza, kuma in gaishe da mai fenti. Ban sani ba ko da an samu babban tallafin da na yi shiru. Nas ta ce babu wanda ya sani. Ina yawan tunanin abin a aji.

Na ɗauka Baba ba zai je ba. Kin san bai taɓa yarda wani ya ga hannunsa da yamma ba, ko Inna. Jiya ya ce wa Inna a ba wani gurbinsa. Inna ta ce to ya je da ƙafarsa ya faɗa, ita ba 'yar aike ba ce.

Yau da la'asar na dawo daga makaranta na tarar ya sa rigarsa mai ruwan toka yana jirana. Muka tafi a ƙafa. Ban san ko zuwa zai yi ya janye ba, ban kuma tambaya ba. A asibiti an jera tebur biyu, mutane suna shiga bibbiyu, sauran suna kan benci suna gani ta ƙofa. Da Nas ta kira shi, ya miƙe, ya ce in tsaya a waje. Na tsaya a jikin bango inda ba na hango teburin. Ina jin ƙarar biro tana bugun katako, kaf-kaf-kaf, ta daɗe. Na ji Nas ta tambaya ko a ba shi wata takardar, ya ce a'a, wannan ɗin ce.

Ya fito da gumi a goshi da tawada a bakin hannun riga. Ya zauna a benci kusa da ni, ya ɗora hannun a kan gwiwa a gaban mutane, hannun yana ta rawa. Da numfashinsa ya daidaita ya ce, “In za ki rubuta wa yayarki, ki ce na yi. Ki ce ta yi muni ƙwarai.”

To na rubuta miki. Ranar Litinin za mu koma.

Inna na gaishe ki, Baba ma haka.

Ƙanwarki har kullum,
Auta