Mama, Baba Ya Sayi Esi Mai Aiki da Rana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Mama.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, cikin ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu a nan Tunga duk muna lafiya, jikokinki sun girma, mangwaronki na tsakar gida ya yi 'ya'ya har reshe na taɓa katanga. Shekara biyu ke nan da tafiyarki, kuma akwai wani labari da na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Kin san zafin Minna idan Maris ya kama. Na bara ya fi na kullum. Wata rana bayan azahar na dawo daga makaranta na tarar da Baba zaune a falo, kansa ya faɗa kan ƙirji, rigarsa sharkaf. Ba wuta, fanka a tsaye. Na kira shi sau uku kafin ya amsa. A asibiti likita ya ce jininsa ya hau, kuma mutum mai shekarunsa bai kamata ya ƙara yin wuni ɗaya a ɗaki irin wannan ba.

Da ke ce, da kin jiƙa zani kin rataya a taga, kin zauna da maficin kaba kina yi masa fifita kina yi masa faɗa a lokaci guda. Ni kuwa ina aji har ƙarfe biyu.

Yaya Kabiru da ya ji, sai ya kira daga Abuja ya yanke hukunci, kamar yadda ya saba tun muna yara: Baba zai koma wurinsa. Ya ce ya riga ya gyara masa ɗaki a bene na uku. Mama, ki yi tunanin Baba a bene na uku. Ba majalisa, ba masallacin unguwa, ba wanda zai yi wa gardama sai mai gadi.

Baba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce gidan nan da hannunsa da naki aka ɗora bulonsa, kuma sai dai a ɗauke shi a kwance. Aka yi ta ja. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa idan aka samu hanyar sanyaya falon da rana, ba tare da jiran masu wuta ba, Baba ya zauna. Idan ba a samu ba kafin zafi ya dawo, Yaya zai zo da mota.

A nan ne maganar esi, na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da sola, ta shigo, irin mai rabi biyu ɗin nan: rabi a manne a bangon ɗaki, rabi a waje yana gurnani, farantan sola kuma a kan rufi. Yaya ya ce kawai a je shago a ɗauko. Ya manta cewa mahaifinsa ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gona na gwamnati, yana gwada irin doya. Mutumin da ya taɓa yin damina uku kafin ya ce wannan iri ya fi wancan, shi za a ce wa kawai?

Ya sauke tsohuwar kalanda daga bango, ya juya bayanta, ya ja layuka da rula. Kullum da hantsi sai ya saka hularsa ta zuwa ɗaurin aure, ya tari keke mai ƙafa uku, ya shiga shagunan Tunga ɗaya bayan ɗaya. Wata huɗu, Mama. Har ta kai idan masu shago suka hango shi, wani ya tuna bai yi walaha ba, wani ya ɗauki waya yana magana da babu kowa.

Iri uku ya samu, kowanne kuma sai da ya raɗa masa suna.

Na farko mai aiki da rana zalla ne, ba batir, ba wutar layi. Rana na fitowa ya kama aiki, tana yin sanyi ya tsaya, hadari ya taso ya ɗauki hutu. Baba ya rubuta a gefensa: ma'aikacin gwamnati. Ya ce ya san halin, shi ma ya yi.

Na biyu mai batira ne, yana yi dare da rana. Amma batiran sai an ba su kusurwarsu a gida, a kiyaye su daga zafi, kuma bayan wasu shekaru su tsufa a nemi wasu. Wannan ya kira shi baƙo mai iyali. Ya ce ka gayyaci mutum ɗaya, ya zo da 'ya'ya huɗu, kowanne da cutarsa.

Na ukun shi ne mai haɗawa. Idan akwai rana ya sha rana, idan gajimare ya rufe kuma aka yi sa'a akwai wuta, sai ya lallaɓa ya koma can ba tare da ya sanar da kowa ba. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rubuta: ɗan siyasa.

Bai tsaya a shago ba. Ya bi gidajen da suka riga suka saka, yana sallama yana neman izinin kara kunne a jikin rabin da ke waje, don ya ji wanne ya fi ƙara. Ya auna falonmu da taku, ya sake aunawa da igiya, ya zargi igiyar. Da aka ce masa falon yana buƙatar mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, sai ya tambayi mai shagon ko wane rabin dokin ne, na gaba ko na baya, domin a saninsa na baya ne ke harbi.

Baba Yohana, amininsa na Maikunkele wanda suka yi aikin gona tare, shi ne mai ba shi shawara, duk da cewa a gidansa ko fanka sai Lahadi ake kunnawa. Sukan baje kalandar a ƙarƙashin mangwaro su yi ta musu. Na ji Baba Yohana yana cewa, da Hausarsa da kika sani, "Malam Isa, wannan na'ura dukansu ƙarya ne yake yi. Ka zaɓi wanda ƙaryansa kaɗan."

Aka zaɓi ɗan siyasa. Baba ya ce da dare dama a tsakar gida yake kwana tun yana saurayi, matsalarsa daga hantsi ne zuwa la'asar, kuma a wannan lokacin rana ba ta taɓa saɓa wa Minna alkawari ba. Abin da ya ƙara jan hankalinsa shi ne an ce wannan ɗin yana yin aiki biyu, yana sanyaya ɗaki, yana kuma ɗumama shi. Na ce Baba, a Minna? Ya ce sanyin sati biyu ma ai sanyi ne, kuma shi bai taɓa sayen wuƙa mai baki ɗaya ba alhali ga mai baki biyu a kusa.

Ranar Asabar aka zo sakawa. Injiniya Sande, wani magidanci mai haƙuri, ya hau rufi da farantai tun da sassafe. Da ya ce reshen mangwaronki yana tare rana, a sare, Baba ya ce a matsar da farantan. Aka matsar. Kafin azahar ya gama, ya kunna, falon ya yi sanyi kamar cikin randa. Ya ɗauko rimot zai yi bayani, Baba ya karɓe ya ce wata huɗu yana karatun abin nan, ba ya buƙatar darasi. Injiniya ya yi sallama ya tafi.

Baba ya gayyaci Baba Yohana da Liman su zo shaida bayan azahar. Yaya Kabiru ma ya ce yana hanya, zai gani da idonsa. Ni ina kicin ina haɗa zoɓo.

Abin da ya faru, daga baya na haɗa shi. Baba ya duba rimot ya ga hotuna. Wanda Injiniya ya bari a kai wani abu ne mai ƙafafu shida, wai hoton ƙanƙarar da ke zuba a ƙasashen sanyi ne. Baba bai taɓa ganin ta ba, shi gizo-gizo ya gani. A kusa da shi kuma ga hoton rana ɓaro-ɓaro. Sai ya yi lissafi irin na masana: na'ura mai aiki da rana, ga hoton rana, yaron nan ya bar ta a kan kuskure. Ya danna rana. Ya ga lamba ashirin da biyu, ya ce ƙarfin ya yi kaɗan ga manyan baƙi, ya kai ta talatin.

Hoton rana, Mama, shi ne na ɗumama ɗaki.

Ya rufe tagogi, ya sauke labule, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa kada iska ta tsere. Baƙi suka zauna. Iska mai ɗumi ta fara sauka a kansu kamar an buɗe murhun mai burodi.

Kin san dattawanmu da kara. Ba wanda ya yi ƙorafi. Liman ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya ce, "Masha Allah, ana jin ƙarfinsa." Baba Yohana ya share wuya da hankici ya ce lallai yana aiki. Baba kuma, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya bayyana musu cewa sai na'urar ta fara zuƙo zafin shekara talatin da ke cikin bango ta fitar, kamar yadda maganin zazzaɓi ke sa mutum gumi kafin ya ji sauƙi. Liman ya ce wannan magana akwai hikima a cikinta.

Minti arba'in suka yi a haka.

Ina ɗauke da tire na turo ƙofa, daidai lokacin da motar Yaya ta tsaya a waje. Wallahi Mama, iskar tsakar gida ta ƙarfe biyu da rabi ce ta shiga falon a matsayin sanyi. Na ga Liman ya lumshe ido yana shaƙar ta. Ƙanƙarar zoɓon ta narke kafin in durƙusa.

Yaya ya shigo bayana, ya tsaya, ya dubi dattawa uku jiƙe kamar an tsamo su daga rafi. Bai ko zauna ba ya ce, "Baba, a haɗa kaya." Na kalli Baba. Ya sunkuyar da kai yana jujjuya rimot ɗin. Wannan karon abin bai ba ni dariya ba.

Na leƙa rimot ɗin, na fita da gudu na kira Injiniya a waya. Ya tambaye ni wane hoto ne a kai. Na ce rana. Sai na ji kamar wayar ta faɗi, mutum yana dariya har da tari. Da ya dawo hayyacinsa ya ce in danna gizo-gizon, in sauke lambar.

Na karɓi rimot a hannun Baba da hannu biyu, na danna. Sannan sanyi ya fara sauka a hankali, ya bi ta kan Liman, ya wuce Baba Yohana, ya isa kan Yaya da ke tsaye da makullin mota.

Baba ya gyara zama, ya daidaita hularsa. Ya dubi Yaya ya ce, "Kai da ka yi boko, ana karɓar kaya mai aiki biyu a gwada ɗaya? Mun gama da ɓangaren ɗumi ne. Yanzu za mu shiga na sanyi." Baba Yohana ya ɗaga hannu kamar a kotu ya ce shi shaida ne, ɗumin yana yi sosai, babu algus. Liman dai yana kan kofin zoɓo na uku.

Yaya ya ce zai ɗan zauna minti biyar ya ga ko abin zai ɗore. Ya zauna a kan darduma, ya jingina da kujera. Sai da aka tashe shi sallar la'asar, aka sake tashinsa ta magariba. Washegari ya koma Abuja shi kaɗai, kuma har yau bai sake ambaton bene na uku ba. Yanzu ma yakan kira ya tambayi Baba wane iri zai saka a nasa gidan, Baba kuma yakan ce masa abin ba na gaggawa ba ne, sai ya zo sun zauna.

Jinin Baba ya sauka. Yana yin barcin rana har da minshari. Majalisa ta tashi daga ƙofar gida ta dawo falonmu, har da waɗanda rabonsu da gaishe shi tun kwana bakwai ɗinki. Na liƙa farar takarda a kan hoton ranar, ya ɓare, ya ce ba a yi masa haka a gidansa.

Amma ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da yammacin ranar da aka saka esin, bayan baƙi sun tafi, Yaya na can yana barci, na tarar da Baba shi kaɗai a gindin mangwaro, kafaɗunsa na girgiza. Na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce. Dariya yake yi har da riƙe ciki, yana cewa, "Ana jin ƙarfinsa! Liman, ana jin ƙarfinsa!" Tun ranar da aka fita da ke ban ji wannan sautin a gidan nan ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, muka yi ta yi tare, har ta juye mana ta zama wani abu dabam.

Da ya share ido sai ya ce, "Da uwarku na nan, da kafin isha'i Tunga kaf ta ji labarin nan, har da ƙarin gishiri."

To Mama, na jira shekara guda ban ga wanda ya karɓi aikin ba, shi ya sa na rubuta a shafina na intanet inda kowa zai gani. Gishirin ne dai ban iya sakawa kamar ke ba.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna kan kowace fifita da kika yi mana. Masu zuwa gaisuwa kan ce Allah Ya sanyaya makwancinki. Ina cewa amin. Amma ni da na san ki da safa biyu da mayafi a watan Janairu, nakan ƙara a zuciyata: daidai yadda take so, ya Allah, kada ya yi mata yawa.

Taki har kullum,
Rabi, autarki.