Ki Bar Shalele Ta Taɓa Ruwa

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan naki. Ya aikin asibiti, ya sanyin can? Allah ya ba da lada, ya kawo mana ke lafiya. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa. Baba kuwa yana nan a rumfarsa ta kafinta, yana faɗa da yaran zamani da ba su iya riƙe zarto ba.

Maganar 'yarki Shalele ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da kika bar mana ita ta zama shiru-shiru, daga makaranta sai ɗaki. Kwanakin baya malamar kimiyyarsu ta fara kai yaran unguwa bakin kogi duk ranar Asabar. Suna tsince ledoji a gaɓa, suna dasa itatuwa, suna leƙen ƙaguwa a ƙarƙashin duwatsu, suna gina gidaje da jiƙaƙƙen yashi. Da nawa yaran suka shiga, Shalele ta roƙe ni in bar ta ta bi su. Na tuna mata sharaɗinki cewa ba ita ba ruwa, muka daidaita a kan za ta riƙa zama gindin wata bishiya can saman gaɓa, ni ina gefenta. Wallahi ko sau ɗaya ba ta tsallake sharaɗin ba.

Daga nan gindin bishiyar ta san kowane tsuntsu. Akwai wani zalɓe da ta ce da Baba yake kama, wai shi ma tsayuwa yake yi shiru yana harara kafin ya yi magana. Da labarin ya kai kunnen Baba ya ce zai rama. Yarinyar da sai an yi da gaske take amsa gaisuwa, yanzu sai mun ce ta bar surutu mu ci abinci.

Rannan malamar ta ba ta 'ya'yan kwaɗi a bokiti, irin masu wutsiyar nan, ta ce ta raine su. Ta ajiye su bayan ɗakin girki, Inna na ta mitar an mayar mata da gida fadama. Da suka fito da ƙafafu lokacin mayar da su ya yi. Ta ɗauko bokitin da kanta har gindin bishiyar, ta tsaya. Malamar ta yafito ta, ta girgiza kai, ta ce Mamanta ta hana. Sai ta miƙa wa ɗiyata bokitin, ta tsaya tana kallo aka juye su. Ba ta yi kuka a can ba, sai da muka dawo gida.

Baba ne ya same ta a tsakar gida tana share hawaye. Da na faɗa masa dalili sai ya koma rumfa. Kin san rabonsa da bakin kogin nan tun ranar da ruwa ya tafi da Autanmu muna yara. To, Asabar da ta wuce muna shirin fita sai ga shi ya sa takalmi. Ya bi mu har can, ya sauka gaɓa, ya daɗe a tsaye. Sannan ya naɗe wando ya shiga har gwiwa, yana duba inda malamar ta kewaye da igiya, ya jijjiga rigunan hana nutsewa da yaran ke sawa, kamar mai duba ƙafar kujera. A hanyar dawowa ya ce min Auta bai iya iyo ba ne domin shi ya hana shi koyo, kuma ba ya son a maimaita haka a kan jikarsa.

Ƙanwata, ban ga laifinki ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ni ma nakan ji gabana ya faɗi idan na ji ƙarar ruwan. Amma ina roƙonki ki sake tunani. Wurin bai wuce cinyar yaro ba, manya na tsaye, ni ma ba na matsawa. Baba ya ce in kin yarda, shi da hannunsa zai riƙe ta. In kuma ba ki yarda ba, za su riƙa zama gindin bishiya su biyu, har ya fara yi musu benci. Ba mu gaya mata na rubuto ba, don kada ta sa rai. Ki yi shawara da mahaifinta a natse, sannu ba ta hana zuwa.

Inna da Baba suna sa miki albarka. Goggo, Kawu Direba da Yaya Babba duk suna gaishe ki, yara kuma sun ce a gaida Mama Ƙarama. Ki miƙa gaisuwata ga maigidan.

Taki har kullum,
Yayarki