Tagar Ɗakin Inno

Talata, 9 ga Agusta, 1994
Lawali ƙanena ya kawo Inno, mahaifiyarmu, daga Gwandu a akori-kura, ita da tabarmarta da ƙullin kaya. Bangon ɗakinta ya faɗi a ruwan shekaranjiya. Ta kuje a goshi, kafaɗa ta kumbura, amma na duba, babu karaya. Lawali ya ce sai damina ta wuce zai tada ɗakin. Wato dai ni ke nan.

Na dawo daga aikina na asibiti a gajiye, haka na share mata ɗakin baƙi. Ta daɗe a bakin ƙofa tana kallon tagar. Ni ce 'yar farinta, dama can magana ba ta cika haɗa mu ba.

Alhamis, 11 ga Agusta
Ta toshe tagar da tsofaffin zannuwa. Tagar da Malam Isa ke taƙama da ita! Lokacin da maigidan nawa yake ginin nan na Kalgo, har Birnin Kebbi ya je ya sayo gilasan luba, irin masu buɗewa jere-jere. Taga ce kusan rabin bango, da ƙarafunanta da ragar sauro, kowa ya zo sai ya nuna masa. Yanzu tsumma ne cushe tsakanin gilasai.

Bango ta faɗa wa, ba ni ba: "Wanga ba ɗaki na ba, kasuwa ta."

Lahadi, 14 ga Agusta
Ranar hutuna ta tafi a kan keken ɗinki. Farin leshi na yi mata labule, har da tattara a sama. Ta sa hannu ta bayansa, ta ga yatsunta sarai. "Mi shika hanawa?" Na cire. Bayana ciwo yake.

Asabar, 20 ga Agusta
Ɗakin kamar tanda. Ta fara tari.

Juma'a, 26 ga Agusta
Inno ta ce wai a kira magini ya liƙe tagar da laka, a bar 'yar kafa can sama kusa da rufi, irin ta ɗakunan da. Malam ya ce, "A ginin siminti? Huseina, ki yi mata magana mana." Ni kuma wa zai yi mini?

Na sayo yadi mai kauri, ruwan ƙasa, na ninka shi biyu. Wannan ta karɓa. Amma gilasan suna nan rufe ruf, tsumman ma ba ta cire ba. Wuni nake ina ce wa matan mutane su bar iska ta shiga ɗaki, in dawo gida uwata ta fi ƙarfina.

Litinin, 5 ga Satumba
Na dawo da la'asar na tarar da ita a ƙasa, numfashi na fita da ƙyar, yana shewa. Na fizge tsumman duka, na buɗe gilasan. Ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, tana girgiza kai. A motar maƙwabta muka kai ta asibiti, aka yi allura, ƙirjin ya saki.

Na daka mata tsawa a gaban abokan aikina. Na ce so take ta mutu a hannuna a ce ni ce. Ta juya fuska.

Talata, 6 ga Satumba
Ina ba ta kunu ta yi magana, idonta a kan ludayi.

Ashe bara Lawali ya sa an faɗaɗa mata tagar ɗakinta don ta riƙa shan iska. Daga kusurwar tagar bangon ya fara tsagewa. "Ina kwance ina kallo nai. Kahin in tashi ya iso." Ta ce ƙasa ta cika mata baki, tana jin muryoyin masu tono, ta kasa amsawa.

Lawali cewa kawai ya yi bango ya faɗi. Ni ma ban tambaya ba, kafaɗa na duba.

Na fita bayan asibiti na zauna a gindin darbejiya, ban san iya daɗewar da na yi ba.

Laraba, 7 ga Satumba
Mun dawo gida. Na gaya wa Malam komai. Ba zai iya tsayawa gaban surukarsa ba, sai ya ɗauki taɓarya ya zagaya ta waje, ya dinga dukan saman tagar, dum, dum, yana ɗaga murya: "Huseina, gaya wa Inno akwai rodi cikin simintin nan! Ko giwa ta hau!" Mutane har sun fara tsayawa a hanya.

Inno ta ce, "A ce mishi ya bari hakanan, kar shi ɓata taɓarya."

Lahadi, 18 ga Satumba
Mun daidaita, in wannan daidaitawa ce. Na sayo asabari a kasuwa an rataya ta waje. Labulen mai kauri na yanke shi rabi, ya rufe ƙasa, gilasan sama a buɗe. Gadonta ta sa an ja can jikin ɗaya bangon. Da hadari ya haɗo sai ta fito rumfa ta zauna har ruwa ya ɗauke. Na daina cewa komai.

Wanki, magani, aiki, tuwo. Tuwon ma wai ya yi ruwa.

Asabar, 8 ga Oktoba
Daga zaure na ji dariya, na ɗauka baƙuwa muka yi. Inno ce. Ta naɗe asabarin, ta ɗage gefen labule, suna Fulatanci da matan Dangoma masu tallan nono, ta tsakanin ƙarafuna. Ban taɓa jin wannan dariyar ba.

Yanzu in na dawo sai ta lissafa wanda ya wuce, da wadda ta yi sabon zane, da akuyar wa ta shiga gonar wa. Da, bango take faɗa wa. Kwanan nan ban tabbata bangon take faɗa wa ba.

Tarin ya ragu.

Lahadi, 23 ga Oktoba
Gajiya dai. Ta tsince mini shinkafa ban roƙe ta ba.

Asabar, 12 ga Nuwamba
Lawali ya zo. Ɗakin Inno na Gwandu ya tashi, an yi yaɓe, taga 'yar ƙarama can sama yadda take so. Wai ranar Juma'a zai zo da mota.

Na ce laka ba ta bushe ba, danshi zai tayar mata da ƙirji. Ya ce, "Yaya, ta bushe ƙayau, ni na kwana ciki." Na ce shi ke aikin asibiti ko ni? Ya kalle ni, sannan ya ce to, sai na aiko.

Inno na ɗaki, ta ji komai. Da ya tafi ta ɗaga murya tana tambaya ko za a jiƙa wake don ƙosan gobe, ita za ta surfa.

Saboda ƙirjinta ne kawai. Na jiƙa waken.