Sirko da Burko Sun Rabu

Litinin, 15 ga Afrilu

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe sai ka ba ni amsa. Shekara biyu yana aiki, ba ya ci ba ya sha. Shi ke noman, ni ake yi wa sannu da ƙoƙari. In na taɓa shi ya tafi, in na ƙyale shi ya kai ni ƙasa. Mene ne?

Yi ta tunani. Ni dai Kajin Dawa sun kai wasan ƙarshe. Ƙungiyata, ni Paraska, shekara saba'in da huɗu, wadda ta bar makaranta a aji takwas saboda tatsar shanu. Mu ashirin ne a gasarmu ta hokin ƙanƙara ta intanet. Ba ƙanƙarar gaske, ba haƙorin da ke zubewa. Kowa ya jera 'yan wasansa a shafinsa, ƙarfe huɗu na yamma Wendell, tsohon malamin lissafin da ke riƙe da gasar, ya danna, kwamfuta ta buga wasan ta zubo mana sakamako. Wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ya ɗauki kofi.

Da Guguwa zan kara, ƙungiyar jikana Taras. Ƙato ne mai gyaran injin girbi, shekara talatin da ɗaya, har yanzu a tukunyata yake lasa. Ya zo ɗazu da gemu kamar tsintsiya, tunda ba a aski sai an gama gasa. Na nuna masa gashi ukun da ke haɓata, na ce ni ma ban tsige ba.

"Kaka, naki ya fi nawa cika," in ji shi.

Na ce, "Ci ka tashi, maigida, gobe kuka za ka yi."

Talata, 16 ga Afrilu

Huɗu da biyu, mu ne a sama. Wendell ya rubuta a dandalin gasar cewa Paraska ta fi kowa natsuwa, ba ta rawar kai da jerinta. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Biyar da ɗaya. An yi mana wanka.

Ƙanƙarar da ke bayan gidanmu ta narke saura wadda ke gindin shinge. Tumatir na kan taga ya yi ganye huɗu.

Asabar, 20 ga Afrilu

Huɗu da uku a ƙarin lokaci, mu ne a ƙasa. Taras ya ci wasa biyu, na ci ɗaya.

Na baza takardun sakamako a teburin kicin, da fensir da tabarau biyu. Ƙwallo goma sha ɗaya aka zura mana a wasa uku. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba su wa ke kan ƙanƙara lokacin. Takwas daga ciki, Sirko da Burko ne a baya.

Mijina Orest ne ya raɗa wa 'yan wasan nan sunan karnukanmu biyu da suka mutu, ranar da ya ɗauko su suna yara. Ya haɗa su wuri ɗaya, ya ce kamar yadda suke kwanciya a bakin ƙofa. To, kwamfutar nan tsufar da 'yan wasa take kowace kakar wasa, kamar mu. Yanzu ɗaya talatin da bakwai, ɗaya talatin da takwas, gudunsu kamar nawa a kan matakala. Taras ya gano. Da sun shigo sai ya sako musu yaransa uku masu ƙafa, su wuce su kamar an dasa su.

Maganin ba wuya. A raba su, kowane a haɗa shi da matashi mai gudu. Minti biyu na yi na gani.

Ga inda gizon yake, littafi, kai kaɗai zan gaya wa. Tun da Orest ya rasu Wendell ya mayar da ƙungiyar hannuna, ban canja ko mutum ɗaya ba. In ba ka taɓa jeri ba, kwamfuta da tsohon take aiki. Natsuwar da ake yabo ke nan. A can ƙasan shafin akwai ɗan layi, ƙananan haruffa: Gyara na ƙarshe, Orest, 3 ga Maris, 10:12 na safe. Kwana tara kafin zuciyarsa ta tsaya. Ranar da na motsa ɗan wasa ɗaya na danna ajiye, sunansa zai goge, nawa ya hau.

Na kwashe kayansa na kai coci, na bayar da motar, ban yi hawaye ba. Amma layin nan kowace safiya nake buɗe shi da shayina.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Bayan coci na tare Wendell a bakin ƙofa, na tambaye shi wai wata ƙawata ce ke son sani, ko ana iya gyara jeri layin ƙasa bai canja ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ki gaya wa ƙawar taki ba a iyawa. Ta ɗauki hotonsa mana."

Hoto! Hotunan Orest sun cika gidan nan, ko ɗaya ba ya cin wasa.

Litinin, 22 ga Afrilu

Biyu da ɗaya, mu ne! Biyu biyu ke nan. Kada in ruɗi kaina, sa'a ce. Yaran Taras uku sun yi laifi sun shiga akurkin hukunci, minti bibbiyu, mun fi su mutum ɗaya a lokacin muka ci duka biyun. Ƙwallon da aka ci mu kuwa, sai ka tambaya? Karnukana ne a wurin.

Na buga wa Taras waya na yi masa kukan kaza na kashe.

Laraba, 24 ga Afrilu

Shida da biyu. Huɗu a kan Sirko da Burko. Saura wa Taras wasa ɗaya.

Ya zo da yamma gyara min famfo, ba wanda ya kira shi. Na soya masa pirogi, 'yan ƙullin fulawarmu masu dankali a ciki, da albasa, ya cinye goma sha huɗu, na ƙirga. Ina ta tsokanarsa cewa matar da za ta auri wannan gemun sai ta zo da manjagara. Can ya ajiye cokali.

"Kaka, kin san abin da ke damun ƙungiyarki."

"Ni? Aji takwas na tsaya, me na sani?"

"Takardunki na gani a kan firji, kin zagaye su da jan biro. Shekara biyu ina wasa da Tsoho mijinki, na haddace shi kamar addu'a. Shi ba zai iya ramawa ba. Ke nake so in doke."

Na ce ya tashi ya bar min gida, ya tafi da sauran pirogin. Mara kunya. Idon kakansa ne da shi sak, har yadda yake kallon ƙasa in ya faɗi gaskiya.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na buɗe shafin, na ja Burko zuwa layi na biyu, na kalle shi. Na mayar da shi. Ban danna komai ba.

Dinyoyi sun dawo, sun wuce ta saman gidan suna surutu.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Ɗaya da nema! Uku uku!

Wendell zango-zango ya riƙa sako sakamakon yau don ya ja mana rai. Maƙwabciyata Bernice ta shigo aron ƙwai ta zauna. Bayan zango na biyu ta leƙa ta ce, "Kai, Paraska, ai golanki har yanzu ba a..." Na cusa mata biskit a baki kafin ta ƙarasa. Ba a faɗin cewa ba a ci gola ba sai an tashi, don kada baki ya kama shi, ko yaron goye a garin nan ya sani. Ta haɗiye ta ce ai kwamfuta ta gama wasan tun ƙarfe huɗu, me bakinta zai ɓata? Na ce ita dai ta tauna.

Amma na duba lissafi bayan ta tafi. Sau arba'in da bakwai suka harbo mana, mu sau goma sha shida. Golana ne ya tare su duka shi kaɗai. Ba za a yi haka sau biyu ba, ko Orest ne da kansa zai faɗa.

To, da zai faɗa ɗin. Mutumin da ba ya iya barin jeri ya kwana biyu bai taɓa shi ba, har abincinsa ya huce ina masifa. Da ya ga na bar masa karnuka suna haki shekara biyu, da ya ce, "Paraska, kin mayar da ni gunki?"

Asabar, 27 ga Afrilu

Na wanke labule. Ba su yi datti ba.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Ƙarfe uku da rabi na yi gyaran. Na haɗa Sirko da wani yaro ɗan Finland, Burko kuma da wani, Tessier, mai gudu kamar an koro shi. Na kuma sa wa yaran Taras uku 'yan gabana masu taurin kai su manne musu. Wannan ba ma ya cikin jan birona, a take ya zo min. Na karanta layin ƙasa sau ɗaya da ƙarfi, kyanwa ce kaɗai ta ji. Na danna.

Gyara na ƙarshe, Paraska, 28 ga Afrilu, 3:34 na yamma. Haruffan ma iri ɗaya ne.

Mun faɗi, uku da biyu, a ƙarin lokaci.

Yaransa masu ƙafa ba su ci ko ɗaya ba, a rubuta wannan. Burko ma ya ba da ƙwallon da muka farke. Abin da ya kashe mu Tessier ne. Na manta hannunsa ba ya zama, ya maƙale wani da sanda ya shiga akurki, aka ci mu yana ciki. Yana rubuce a shafinsa ƙuru-ƙuru, ban duba ba. Laifina ne, ni kaɗai.

Ƙarfe biyar da kwata Taras ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo hannu, kamar yadda ake yin layi a gaisa bayan wasan ƙarshe. Na kama. Hannun duk baƙin mai.

"Wasa ya yi kyau, koci," in ji shi. "Zuciyata ta kusa fita. Wa ya ce ki manne min yara?"

Na ce, "Je ka aske wannan abin, kana tsorata min kyanwa."

Alhamis, 2 ga Mayu

Na tsige gashi ukun. Tumatir ya kusa isa dashe, amma sai sanyin safe ya gama wucewa.

Ba wasa sai Oktoba, saboda haka ban san abin da ya kai ni shafin sau biyar tun Litinin ba. Gwaji ne kawai. Tessier na koma da shi layi na uku ya yi hankali. Sirko zai yi ritaya, na riga na gaya wa Wendell, Burko kuwa yana da sauran kaka ɗaya a jikinsa in an lallaɓa shi. Akwai wani ɗan baya a wurin Taras da ba ya amfani da shi, na aika wa Taras ɗin pirogi talatin, ban yi masa maganar ba tukuna. Wendell ya rubuta a dandali wai Paraska ta fara rawar kai. Ya jira ya gani.

Shayin safe a bakin taga na sha shi yau, sai da ya ƙare na tuna ban buɗe kwamfutar ba.

Kai kuma mai leƙe, na ga ba ka canka ba. Jerin 'yan wasan da Orest ya ajiye ne, ranar uku ga Maris, ƙarfe goma da minti goma sha biyu na safe.