Jikarmu Ta Fito Shuɗiya

Litinin, 3 ga Maris

Malam ya dawo daga shagon kayan hoto hannu rabbana. Mai shagon ya ce masa takardar wanke hoto mai kala ta daina zuwa, wai masu wanke hoto a gida sun ƙare, saura shi da wasu tsofaffi. Ya faɗa min yana dariya, amma abincinsa ya huce a gabansa.

Saura kwalin takardar nan da ke ƙasan firjina, inda ya kamata kayan miya su zauna. Shekara da shekaru ina mita, shi kuma yana cewa zafi kashe ta yake yi. Yau ya ɗauko kwalin yana jijjiga shi kusa da kunne kamar mai sayen kankana. Ya ce ba yawa.

Laraba, 5 ga Maris

Duk wanda aka haifa a gidan nan hotonsa na bangon falo, wanda Malam ya ɗauka da fim ya wanke da hannunsa a tsohon sitona da ya ƙwace ya mayar ɗakin duhu. Kumatu ce kaɗai babu, jaririyar Auta. Ƙarshen wata Auta za ta koma can wurin mijinta, sai Allah ya sa ranar dawowa. Yana son guda biyu, ɗaya na bango, ɗaya ta tafi da shi. Auta ta ce, “Baba, ga su nan cike da waya.” Ya kalle ta kamar ta zage shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Wai labulen falo ya yi rawaya, in wanke. Labulen da na wanke makon jiya!

Asabar, 8 ga Maris

Tun hantsi yana ciki. Yakan yanka takarda ɗaya siri-siri ya yi gwaji, ya fito bakin taga ya duba kala, ya koma ya murɗa injin fitar da hoton. Da azahar ya fito da babban hoto yana washe baki. Kumatu ce dai, ga kumatun nan, amma shuɗiya, sai ka ce an tsamo ta daga ruwan bula. Auta ta kalle ni, na kalle ta. Ta ce, “Baba, ya yi kyau,” ta gudu ɗaki tana danne dariya. Ni dai ba ta ba ni dariya ba.

Da ya ga fuskokinmu sai ya ce takardar ce ta tsufa. Ya koma ya ƙara ɓata biyu.

Lahadi, 9 ga Maris

Ina ninke farin mayafina ya ce yaushe na sayi mai ruwan ƙwai. Nan gabana ya faɗi. Labule rawaya, mayafi rawaya. Idonsa ne ke zuba wa komai rawaya, shi kuma yana ta cire ta daga hoton har yarinya ta koma shuɗiya. Takardar Allah ba ta da laifi.

Yaya zan gaya wa mutumin da ƙawayena ke kawo wa atamfa ya zaɓa musu ɗankwalin da ya dace? In na yi shiru kuma kwalin ya ƙare a banza.

Talata, 11 ga Maris

Na faɗa. Yana shirin buɗe firji na tsaya a gabansa na ce, “Malam, ba takardar ba ce, idonka ne.” Ya ce, “Sarkin mita, matsa min.” Na ce ba inda za ni. Na nuna masa mayafin na ce fari ne fat, in bai yarda ba ya tambayi Auta. Bai tambaye ta ba. Ya fita tsakar gida ya zauna yana kallon bango har la'asar. Tausayinsa ya hana ni cin abinci.

Alhamis, 13 ga Maris

Ba ya min magana sai “to” da “a'a”.

Juma'a, 14 ga Maris

Auta ta kai shi wurin likitan ido. Yanar ido ce, duka idanun biyu. Za a yi aiki amma ba yanzu ba, sai bayan ta tafi. Ya shigo ya aje hula, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, “Gobe ki sa tsohuwar riga, maganin wanke hoton na ɓata kaya.”

Asabar, 15 ga Maris

Ɗakin nan ko shara ba ya bari in yi masa, yau ga ni ciki. Ashe takardar kala ko jar fitila ba ta so, duhu ne ɗungurungum, ko tafin hannuna ba na gani. Shi kuwa yana ta zirga-zirga, ya ɗauki wannan ya aje wancan, ko tuntuɓe babu. Ni ce na taka shi sau nawa. Ya ce, “A nan ke ce makauniyar.” Muka yi ta dariya kamar yara.

Aikina in fita bakin taga da ɗan gwajin in faɗi abin da na gani. Na ce shuɗi ya yi yawa. Ya ce to sai a rage rawaya a injin don ta ƙaru a hoton. Na ce wannan wace irin sana'a ce mai tafiya da baya? Ya yi gardama a gwaji na farko, wai ya yi rawaya kamar ciwon shawara. Na ɗauko Kumatu na kara kumatunta da takardar. Ya kalli kumatun, ya kalli takardar, sannan ya ce, “Yadda kika ce.” Tunda muka yi aure ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Sun fito, biyun duka. Launin fatarta sak, har ɗan jan da ke kunnenta. Auta ta rungume nata ta yi kuka, babu maganar waya yau. Malam ya kafa ƙusa da kansa, a karkace, na bari haka.

Takarda ɗaya ta rage. Ya ce in zaɓi abin da za a wanke tunda ni ce ido.

Laraba, 26 ga Maris

Ina goge hotunan falo na lura. Yara, jikoki, ni har kashi uku, har da kyanwar da ta mutu. Shi babu ko ɗaya, kullum yana bayan kyamara. Na sa ya zauna bakin taga, ya gyara min komai, na danna. Yana ta surutu wai na yanke masa hula.

Litinin, 31 ga Maris

Auta ta tafi. Gidan ya yi girma.

Asabar, 5 ga Afrilu

Jiya ya wanke fim ɗin, yau muka shiga ɗakin duhu. Takarda ɗaya ba ta isa gwaji ba, ya tsakuro ɗan siririn gefe kawai. Na fita taga, ban daɗe ba. Wannan launin ba sai na kara shi da komai ba, na san shi. Na ce a rage ja kaɗan, ya rage.

Hular ta yanke, gaskiyarsa. Amma ga shi nan, baki buɗe yana min faɗa, ido a kaina. Ya riƙe shi nesa, ya kawo kusa, ya ce, “Na fito?” Na ce ba laifi. Ya je neman guduma da ƙusa, na ce a'a, falo rana na bugawa, kala za ta koɗe. Ya ce sauran fa? Na yi kamar ban ji ba.

Hoton yana ɗakina, gefen da nake kwana.