Ku Sauke Hoton Jikana

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar ɗalibanmu na Setapak,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jama'arka, da fatan kullen nan bai cinye muku haƙuri ba. Ni tsohuwar malamar firamare ce daga Kano. Wankan jegon ƙaramar 'yata ya kawo ni ƙasar nan, unguwar Taman Melati, da kayan kwana arba'in, korona ta rufe hanya, ga jaririyar har ta fara tafiya ina nan zaune. Sau biyu ina aiko maka saƙo, shiru. Shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Takardar da kuke yaɗawa a waya, ta neman hukuma ta sauke shekarun sayen giya daga ashirin da ɗaya zuwa sha takwas, hoton da ke samanta na jikana ne, ɗan babbar 'yata. Shekararsa sha tara, yana karatu, ɗakinsa yana unguwar Danau Kota. Ba ku tambaye shi ba, ba ku tambaye ni ba. Ina nan ina juya yadda zan faɗa wa iyayensa abin da ya same shi, takardarku ta riga ni isa Kano. Ubansa ya gani, ya ce kada yaron ya sake kiransa, kuma ko an buɗe hanya kada ya tako masa gida. Uban nan surukina ne, tsakanina da shi sai gaisuwa.

Na biyu. Kun ce don shekarunsa ba su kai ba ya sayi giyar haɗi a bayan kedai, wato shago, ta taɓa masa ido. Ban musa ba. Likita ya ce na hagu ya tafi, na dama inuwa kawai yake gani. Amma Shugaba, yaron nan Musulmi ne. Ko shekara goma aka mayar, dokar ƙasar nan ba ta yarda a sayar masa ba. Kun ɗora fuskarsa a kan roƙon da ko an amsa bai shafe shi ba. Kuma mu da ake sabunta wa biza, yaushe muka zama masu gyara wa mutane dokarsu?

Na uku, wannan laifina ne, zan faɗa da bakina. Kun san wasan kaka da jika. Maigida nake ce masa. Da aka kulle gari, kullum nakan tuƙa tuwo in ba mai babur ya kai masa, in kira in tsokane shi cewa ya rame, ko cefanen ne ya gagare shi. Ran nan ya ce, “Hajiya, giya nake sha, na kasa bari.” Na ƙyalƙyale da dariya, na ce to ya yi mini tapau ɗin tawa, ya ƙunso ya aiko. Sau uku yana faɗa a ranaku daban-daban, sau uku ina mayar masa da wasa. Ni kaɗai ce babbar da zai iya gaya wa wannan magana, kuma ni kaɗai ce ba zan ɗauke ta da gaske ba.

Na huɗu. Abokan zamansa uku duk sun haura ashirin da ɗaya, na ga sunayensu cikin masu sa hannu. Wata da watanni suna ganinsa ya rufe ɗaki, darasi na tafiya a kwamfuta shi yana kwance, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. A ɗaga shekarun ko a sauke, ban ga dokar da za ta ƙwanƙwasa ƙofar nan ba.

Roƙona biyu ne. Ku sauke hoton, ko da yake na san abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa. Sannan kai da kanka ka kira uban, ka ce masa ɗansa ba alfahari ya yi da abin ba, ku ne kuka tallata shi. Ban sa rai zai sauko ba, amma ka kira.

Yaron yana wurinmu yanzu. A da shi yake karanta mini ƙananan rubutun waya, yanzu ni nake sa tabarau in karanta masa. Kowace safiya sai ya miƙo mini wayar in duba ko babansa ya amsa, ni kuma in ce babu sabis. A hawa na sha biyu muke, sabis cike yake, kuma ya sani.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare maka idanunka, Ya mayar da kai gaban iyayenka suna murna da ganinka.

Wassalam.

Kakar yaron,
Taman Melati