Mai Jinya

Yelwa, Yawuri
4 ga Maris, 1993

Zuwa ga matar Ɗangana,

Bayan gaisuwa da fatan kina kula da sallarki a kan lokaci. Na rubuto ne don larura, ba don hira ba. Wata biyar ke nan cikina yana kumburi. Ni da na wuce hamsin, kuma mahaifinki shekara tara a kabari, matan unguwa sun ce ciki ne. Waɗanda nake rubuta wa wasiƙu tun suna amare sun daina shigowa. Na daina zuwa kasuwa.

Likita a Sakkwato ya zuƙe ruwa kwalba huɗu. Ya ce ciwon daji ne a ƙwan mahaifa, kuma ya riga ya bazu. Za a yi tiyata, sannan allurai masu zubar da gashi. Amma ba sa ba da gado sai da mai jinya. Haƙƙin uwa ba ya faɗuwa. Ki zo.

Innarki

Wara
19 ga Maris, 1993

Inna,

Ina gaishe ki da jiki, Allah Ya sawwaƙe. Na karanta takardarki a bakin bandar kifi, har kifin ya ƙone ban sani ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, matan nan suka ce sun gan ni a kwalekwalen Ɗangana kafin a ɗaura mana aure. Na rantse miki ƙarya ne. Kika ce, "Jama'a ba ta taruwa a kan ƙarya." Na haihu sau uku, ba ki zo suna ko ɗaya ba. Yanzu ga shi sun taru a kanki. To, Inna, ƙarya suke yi ko gaskiya?

Ɗiyarki, Murjanatu

Yelwa
2 ga Afrilu, 1993

Sallama,

Ba a yi wa uwa irin wannan tambaya. Na yaga amsa biyu kafin wannan.

Jiya na faɗi a bakin randa. Na kwanta a nan daga hantsi har la'asar, ina jin Umma maƙwabciyata tana daka ta bayan katanga. Ban kira ta ba, don na san abin da idonta zai fara kallo. A nan kwance na lissafa, ashe haka kika zauna a ɗakina kwana arba'in ba mai yi miki magana, har da ni.

Ƙarya suke yi. A kaina, da a kanki. Likita ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo mai jinya. In ba ki zo ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Kin san ba a kiran sunan 'yar fari, amma yau zan rubuta shi: ki yafe mini, Murjanatu.

Innarki

Wara
11 ga Afrilu, 1993

Inna,

Ina gaisuwa. Zan biyo jirgin ruwa na ranar kasuwa da tabarmata. Kada ki nemi mota ta zo ƙofar gida. Ki ɗaura zaninki mai kyau. Ta tsakiyar kasuwa za mu bi zuwa tasha, a ƙafa, ina riƙe da ke.

Murjanatu